Auna Sanyayar Famfon Ruwan Oksijin: Ma'aunai, Wayoyi da Rubuta Bayanai

Famfon ruwan iska inji ne da ke ɗebo oksijin ko naitirojin ko iskar gas bayan an sanyaya su har sun zama ruwa, ya tura su cikin bututu da ƙarfi. A bakin teku, ruwan oksijin yana tafasa a digiri 183 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, na naitirojin a 196, na iskar gas kuma a wajen 162. Famfon da ya wuni a zafin birnin Duwala na Kamaru, wajen digiri 27, ya ɗara ruwan da zai tura zafi da kimanin digiri 200. Shi ya sa ba a tayar da shi sai an fara sanyaya shi da ruwan da zai yi aiki da shi, kuma hanyar tabbatar da cewa ya sanyaya ɗaya ce: a auna, a rubuta.

Aikin bai yi nisa da mutanen unguwar New Bell ta Duwala ba. Silindar oksijin da ke jingine a rumfar mai walda, da wadda ake turawa ɗakin majinyata, sau da yawa ta wannan hanya aka cika su: tanki mai ruwan oksijin, famfo mai fistin, bututai masu fikafikai da ke mai da ruwan iska, sannan jerin silindu da ake ɗurawa har matsi ya kai bar 150 ko 200. Wasu asibitoci suna da injin da ke tace oksijin kai tsaye daga iska ba tare da ya zama ruwa ba, wannan kuma wani fanni ne dabam. Duwala ta daɗe da sana'ar iskar masana'antu ta hannun CAMOA, tsohon reshen kamfanin Air Liquide na Faransa, wanda a 2024 ya sayar da rassansa na ƙasashen Afirka 12, har da Kamaru, aka haɗa su a ƙarƙashin sunan Erium. Can kudu kuma, a tekun Kribi, jirgin Hilli Episeyo ya fara mai da iskar gas ruwa a 2018. Girman famfunan ya sha bamban, amma ƙa'idar sanyaya su ɗaya ce, kuma ana iya koyon ta a kan teburin gwaji da tulun naitirojin guda, a makarantun fasaha irin su IUT da ENSET na Jami'ar Duwala.

Abin da ke faruwa a cikin ƙarfen

Idan aka buɗe bawul ruwa ya shiga famfo mai ɗumi, ba ya jiƙa ƙarfen nan take. Yana taɓa shi sai ya ƙafe, tururin ya shimfiɗu tsakanin ruwa da ƙarfe ya raba su. Abin da ake gani ke nan idan ɗigon ruwa ya faɗa kan tandar waina da ta yi zafi sosai, ya dinga yawo a kai bai ƙone ba. Wani likita Bajamushe, Johann Leidenfrost, ya bayyana wannan a 1756, Shiro Nukiyama na Japan kuma ya auna matakan tafasa a 1934. Tururi ba ya ɗaukar zafi da sauri, don haka a wannan mataki ƙarfen a hankali yake hucewa, kuma shi ne matakin da ya fi cin lokaci. Sai sanyi ya yi nisa sannan shimfiɗar tururin ta tsage, ruwa ya taɓa ƙarfe kai tsaye, zafi ya faɗi gaba ɗaya cikin daƙiƙu kaɗan. Daga nan tafasar ta lafa, famfo ya cika da ruwa zalla.

Ƙarfe mara tsatsa yana tsukewa da kusan milimita 3 a kowace mita tsakanin zafin ɗaki da sanyin naitirojin, alminiyam kusan 4, robar Teflon da ake yin zoben fistin da ita kuwa kusan 20. Muddin wani sashe ya riga wani sanyi, ratar da maƙera suka bari tsakanin sassa ba ta zauna daidai ba, kuma tayar da inji a wannan hali yana cinye zobe da sil mai hana yoyo. Ga kuma tsadar ruwan. Sanyaya kilo ɗaya na ƙarfe mara tsatsa yana cin kusan rabin litar naitirojin idan tururin ya fice nan da nan, amma kusan sulusin lita idan aka bar tururin mai sanyi ya bi jikin ƙarfen kafin ya fita. A kan famfo mai kilo 40, misali, bambancin ya kai tsakanin lita 21 da lita 13. Gwajin sanyaya famfo yana neman amsar tambaya biyu ne: yaushe famfon ya shirya, kuma wace buɗewar bawul ce ke kai shi can da ƙarancin asara.

Ma'aikata da yawa da ido suke hukunci: in farar ƙanƙara ta rufe kan famfo da bututun komawar tururi, sai a ce ya yi. Wannan alama ba abin dogaro ba ce a ko'ina, balle a Duwala, garin da ruwan sama ke wuce milimita 3,500 a shekara, danshin iska kuma ke zama sama da kashi 80 cikin ɗari galibin lokaci. Ƙanƙara tana kama bututu da zarar ya sauka ƙasa da sifili. Bututun da ke digiri −20 da wanda ke −180 duk farare ne fat, alhali na farkon ko kashi ɗaya cikin huɗu na tafiyar bai yi ba.

Zafi da matsi tare ake karanta su

Lambar zafi ita kaɗai ba ta isa hukunci ba, domin inda ruwa ke tafasa yana tafiya ne da matsin da ke kansa. Oksijin da ke tafasa a −183 a sarari yana tafasa a −173 idan matsi ya kai bar 2.5, a −163 idan ya kai 5.4, a −153 idan ya ɗan haura 10. Waɗannan lambobi na cikakken matsi ne, wanda ya haɗa da nauyin iskar duniya. Agogon matsi da ke jikin tanki daga iskar waje yake fara ƙirga, don haka sai an ƙara masa kusan bar 1 kafin a duba jadawali. Mantawa da wannan bar ɗaya yana jawo kuskuren digiri da yawa.

A ɗauka agogon bakin famfo yana nuna 4.4, wato cikakken matsi 5.4. Idan ma'aunin zafi a wurin ya nuna −163, ruwan yana gaɓar tafasa, kuma da fistin ya ja baya matsi ya ɗan ragu, sai ya koma kumfa. Famfo ya ja iska ke nan: yana bugawa, ba ya turawa, cikinsa kuma yana ɗaukar zafi. Idan ma'aunin ya nuna −170, akwai ratar digiri 7 tsakanin ruwan da tafasa. Wannan rata ita ce ainihin abin da gwajin ke nema, kuma tun da 'yan digirori ce kawai, ma'aunin da ke kuskuren digiri 4 bai amfana komai ba. Duk tsananin da za a gani a ƙasa game da waya da na'ura daga nan ya samo asali.

Ma'aunan zafi

Wanda aka fi amfani da shi a masana'anta shi ne Pt100, siririyar wayar filatinam da turjiyarta ga lantarki ke raguwa da sanyi. Om 100 take da shi a sifili, kusan 25.8 a sanyin oksijin, kusan 20.2 a na naitirojin. Ƙa'idar IEC 60751 ta tsara jadawalinsa har zuwa −200. Yana da karko, kuma ba ya sauya hali da sauri. Sai dai a kula da iri: na naɗaɗɗiyar waya shi ya fi dacewa da tsananin sanyi, kuma mai daraja ta B an yarda masa kuskuren da ya kai digiri 1.3 a −196 tun daga masana'anta, abin da ke wajabta gwada kowane ɗaya kafin a ɗaura shi.

Babbar matsalar Pt100 tana wayar da ke haɗa shi da na'ura. A wannan sanyi, kowane digiri om 0.43 ne kacal. Siririyar wayar jan ƙarfe mai kaurin 0.22 na murabba'in milimita tana da turjiyar kusan om 0.08 a mita. In nisan mita 10 ne, zuwa da dawowa mita 20, an ƙara om 1.6, na'ura kuma za ta nuna ɗumin ƙarya na kusan digiri 4. Maganinsa haɗi mai waya huɗu: biyu su kai lantarki, biyu su auna abin da ya faɗi a kan filatinam ɗin kaɗai, turjiyar waya ta fita daga lissafi. Haɗin waya uku yana rage kuskuren idan wayoyin tsawonsu da kaurinsu ɗaya ne. Haɗin waya biyu bai da gurbi a wannan aiki. Lantarkin da ake ratsa shi da shi kuma kada ya wuce miliamfa 1, don kada ma'aunin ya ɗumama kansa.

Na biyu shi ne ma'aunin tagwayen waya, wato wayoyi biyu na ƙarfe dabam-dabam da aka narka bakinsu wuri ɗaya, suna ba da ɗan lantarki gwargwadon bambancin zafi tsakanin bakin da gindin. Yana da araha, ƙanƙane ne, kuma yana jin sauyi da sauri, don haka shi ya fi kama lokacin da shimfiɗar tururi ta tsage. Nau'in T, na jan ƙarfe da kwanstantan, yana ba da kusan milifolt 5.5 a juye a sanyin naitirojin. Rauninsa shi ne jinsa yana dushewa da sanyi: mikrofolt 39 a kowane digiri a wajen sifili, amma 16 kawai a −196. Nau'in E ya fi shi, da kusan 26. Akwai kuma abin da ba kowa ke lura da shi ba. Na'ura tana auna zafin gindin wayar a cikin akwatinta ta haɗa da lissafi. In ta yi kuskuren digiri 1 a can, wato mikrofolt 40, wannan yana zama kuskuren digiri biyu da rabi a ƙarshen sanyi. Akwatin da rana ke duka ta gefe ɗaya, ko wanda iskar fanka ke busawa, ya isa ya ɓata gwaji.

Na uku, dayod ɗin silikon irin wanda kamfanin Lake Shore ke yi, ana ratsa shi da mikroamfa 10 ya ba da kusan folt 1.03 a sanyin naitirojin. Ya fi sauran kaifi, ya kuma fi su tsada, kuma amfaninsa na gaske sai a gwajin haidirojin da hiliyam, inda filatinam ke daina ji. Ga famfon oksijin da naitirojin, tsarin da ya fi dacewa shi ne Pt100 mai waya huɗu a wurare biyu ko uku da hukunci ya rataya a kansu, tagwayen waya kuma a sauran wuraren da ake son ganin yadda sanyi ke yaɗuwa.

Inda ake ɗaura su

Wuri na farko bakin shiga ne, dab da famfo, kusa da inda ake ɗaukar matsi, domin lambobin biyu su zama na ruwa ɗaya. Na biyu bututun da ke mai da tururi saman tanki, wanda shi ne ke nuna cewa ruwa ya ratsa famfon ya fito. Sai jikin kan famfo, sama da ƙasa, tun da ruwa ƙasa yake fara kwanciya, saman kuma ya daɗe cikin tururi. Sai bakin fita, inda hauhawar zafi lokacin aiki ke nuna famfo ya ja iska. A ƙarƙashin sil ana sa guda: wurin ya kamata ya zauna da ɗumi, in ya yi sanyi farat ɗaya ruwa na yoyo. Bayan bututai masu fikafikai ma ana sa guda, saboda baƙin ƙarfe na yau da kullum yana zama mai saurin tsagewa a ƙasa da −20 zuwa −29, silinda kuma ba a yi ta don ruwa mai sanyi ba. Na ƙarshe ya auna iskar wurin, a inuwa.

Ma'auni zafin jikinsa yake faɗa, ba na bututu ba, don haka aikin mai ɗaurawa shi ne ya sa su zama ɗaya. A kankare wurin, a manna ma'aunin sosai da ɗamarar ƙarfe mara tsatsa, a naɗe wayarsa zagaye biyu ko uku a jikin bututun kafin ta fita, sannan a lulluɓe duka. Naɗin nan yana da muhimmanci, domin jan ƙarfe yana jan zafi daga waje ya kai shi har bakin ma'aunin. Igiyar roba da salatif suna ƙeƙashewa su saki a wannan sanyi. Ma'aunin da aka zura cikin kube mai kauri ya fi tsaro, amma yana makara da daƙiƙu masu yawa, kuma dole a san wannan makara lokacin karanta sakamako.

Danshin Duwala yana da wani sharri a nan. Kowace sanyaya tana tara ƙanƙara, kowace hucewa tana narka ta, ruwan kuma ya bi waya ya shiga mahaɗa. Ruwa a mahaɗar Pt100 yana buɗe wa lantarki wata hanya, turjiya ta ragu, na'ura ta nuna sanyin da babu shi. Wannan kuskure ya fi kowane haɗari, domin yana cewa famfo ya shirya alhali bai shirya ba. A nisanta mahaɗa daga bututu mai sanyi, a lanƙwasa waya ta yi ƙasa kafin ta hau akwati don ruwa ya ɗige, a rufe akwatin ruf da ƙwayoyin silika masu shan danshi a ciki, a riƙa sauya su, musamman daga Yuli zuwa Satumba.

Matsi, yawan ruwa da lantarkin mota

Ma'aunin matsi na masana'anta yana aika saƙonsa da lantarki tsakanin miliamfa 4 da 20. An zaɓi 4 a matsayin sifili domin a bambanta rashin matsi da tsinkewar waya: in saƙo ya faɗi ƙasa da 3.6, matsala ce ta haɗi. Turjiyar om 250 tana mai da saƙon folt 1 zuwa 5 ga na'urar da folt take karantawa. Ba a bari ruwa mai sanyi ya taɓa ma'aunin. Ana jan siririn bututu ya yi sama ba tare da lulluɓi ba, ruwan da ya shiga ya ƙafe, iskar ta kai matsin. Na oksijin dole ya zama wanda aka wanke daga mai da giris tun daga masana'anta.

Yawan ruwan tanki daga bambancin matsin ƙasa da na sama ake gane shi: kowace mita ta ruwan oksijin tana ba da kusan bar 0.11, ta naitirojin kusan 0.08. A ƙaramin gwaji, ɗora tulun a kan sikeli ya fi wannan sauƙi da inganci, tun da litar naitirojin gram 808 ce. Lantarkin da motar famfo ke ja shi ma a rubuta shi, domin yana faɗuwa da zarar famfo ya daina tura ruwa.

Na'urar tattara bayanai

Aikinta ta mai da folt lamba, ta liƙa wa kowace lamba lokaci, ta adana. Abin dubawa na farko shi ne ƙanƙantar matakin da take iya gani. Na'ura mai bit 16 tana raba faɗin awonta gida 65,536. In an bar ta a faɗin folt 10 sama da 10 ƙasa, kowane mataki mikrofolt 305 ne, wato kusan digiri 19 ga tagwayen waya nau'in T a sanyin naitirojin. In aka tsuke faɗin zuwa rubu'in folt, kamar yadda guntun ADS1115 ke iyawa, mataki ya koma mikrofolt 7.8, kusan rabin digiri. Allon Arduino Uno shi kaɗai, mai bit 10, matakinsa milifolt 4.9 ne, kusan duk saƙon ke nan, kuma ba ya karanta lantarkin da ya juya ƙasa da sifili.

Masu haɗa na'ura da kansu su lura da guntayen da ake sayarwa. MAX6675, wanda ya cika kasuwa, ba ya auna ƙasa da sifili ko kaɗan. MAX31855 yana sauka, amma lissafinsa na miƙaƙƙen layi ne, kuskurensa kuma yana girma ƙwarai a tsananin sanyi sai an gyara a manhaja. MAX31856 yana da jadawalin gyara a cikinsa, MAX31865 kuma na Pt100 ne, yana karɓar waya huɗu. Wanda ke da hali ya sayi na'urar masana'anta mai magana ta Modbus a kan wayar RS-485, ko kayan National Instruments da manhajar LabVIEW. Ko wacce aka zaɓa, gwaji ne zai nuna ingancinta, ba farashi ba.

Zafi ba ya bukatar gaggawa: karatu ɗaya ko biyu a daƙiƙa ya isa, sai in ana son kama tsagewar tururi dalla-dalla, a kai goma. Matsin bakin fita dabam ne. Famfon da ke bugu 400 a minti yana bugu kusan 7 a daƙiƙa, kuma ganin siffar kowane bugu yana son karatu ɗaruruwa a daƙiƙa. Wutar Kamaru mai zagaye 50 ce a daƙiƙa, kuma hayaniyarta tana shiga siraran saƙonni. Ana kashe ta da sa na'ura ta tara kowane karatu na tsawon milidaƙiƙa 20, zagaye ɗaya cif. A yi amfani da murɗaɗɗiyar waya mai sulke, a haɗa sulken da ƙasa ta gefe ɗaya kawai, a raba hanyarta da ta wayar mota, musamman in motar na da na'urar sauya gudu.

Agogo ɗaya ya mallaki duk bayanan. Zafi a kwamfuta, matsi a wata na'ura, buɗe bawul a agogon hannu, in sun saɓa da daƙiƙa 30 ba za a iya cewa wane ya riga wane ba. A sa na'urar a kan batir don ɗaukewar wuta ko sauyawa zuwa janareta kada ta yanke gwaji, kuma manhaja ta riƙa rubuta kowane layi a faifai nan take. A adana ɗanyen karatu, om da milifolt, tare da digirin da aka lissafa, domin in aka gano kuskure a jadawali daga baya a iya sake lissafi ba tare da sake ƙona ruwa ba.

Gwada ma'aunai kafin a ɗaura

Wurare biyu tabbatattu suna hannun kowa. Na farko niƙaƙƙiyar ƙanƙara ta ruwa mai tsabta da ɗan ruwa a cikin fulas, wadda ke ba da sifili. Na biyu naitirojin mai tafasa a buɗaɗɗen tulu, wanda a Duwala, da yake bakin teku ce, yake ba da −195.8. A tudu irin Ngaundere ko Jos, inda iska ta fi sauƙi, lambar tana ƙara sauka da kusan digiri 1. A ɗaure ma'aunan wuri ɗaya, a nutsa su sosai ba tare da sun taɓa gindin tulu ba, a jira karatu ya tsaya, a rubuta saɓanin kowanne. A yi wannan da wayar da na'urar da za a yi aikin da su, ba wasu ba. Naitirojin ya zama sabon zubi, domin wanda ya daɗe a buɗe yana shan oksijin daga iska, inda yake tafasa ya ɗan hau. A maimaita sau biyu ko uku, ma'aunin da ya ƙi komawa lambarsa a ajiye shi.

Gudanar da gwajin

Gwajin koyo da naitirojin ake yin sa. Ana farawa da busar da famfo da bututai da busasshiyar iskar naitirojin, domin danshin da ya rage a ciki zai daskare ya riƙe bawul. Sai a kunna na'ura a bar ta minti biyar ko goma kafin a taɓa komai. A wannan lokaci duk ma'aunan zafi ya kamata su yi kusa da juna, wanda ya ware kuwa a bincike shi tun yanzu. Daga nan a buɗe bawul ɗin komawar tururi, sannan a buɗe na shigar ruwa kaɗan-kaɗan. Kowane motsi na hannu a shigar da shi cikin bayanan da lokacinsa: an buɗe rubu'i, an ƙara zuwa rabi, an ji ƙara a bututu. Ba a tayar da mota sai bakin shiga da bututun komawa da saman kan famfo duk sun sauka sun tsaya, ratar tafasa ta kai abin da maƙerin famfon ya gindaya, kuma lokacin jiƙa da ya rubuta a littafinsa ya cika, tun da cikin ƙarfe yana makara a bayan fatarsa. Ƙananan famfuna mintoci suke ɗauka, manya kuwa sa'o'i. Bayan an tsayar, a bar na'ura ta rubuta hucewar ma. Kafin gwaji na gaba famfo ya koma zafin ɗaki ya bushe, in ba haka ba ba za a iya kwatanta gwaje-gwajen ba. Abu ɗaya ake sauyawa a kowane zagaye.

Idan aka zana zafi a kan lokaci, lafiyayyen gwaji yana da siffa sananniya: doguwar gangara mai sauƙi, sai gwiwa inda layin ya faɗi tsaye, sai shimfiɗa. Ƙasan famfo yana riga samansa kai wa gwiwa, tazarar da ke tsakaninsu kuma ita ce ma'aunin wahalar da ƙarfen ke sha. Layin da ya shimfiɗe a −150 alhali maƙwabtansa suna −190 yawanci ma'auninsa ne bai manne ba, ko zafi na bin wayarsa. Layin da ke hawa da sauka a bakin shiga yana nuna ruwa da tururi suna zuwa bi da bi, alamar bututun shiga ya yi tsawo, ko lulluɓinsa ya jiƙe, ko tururi ya taru a wani lanƙwasa. Tsalle mai kaifi da ya zo daidai da tashin mota hayaniyar lantarki ce. In kuma shimfiɗar ta zauna daidai inda jadawali ya ce ruwa na tafasa a wannan matsi, famfo ya yi sanyi amma babu rata, kuma ƙarin jira ba zai kawo ta ba. Sai an ɗaga matsin tanki, ko an sami sabon ruwa mai sanyi, domin ruwan da ya daɗe a tanki yana ɗumama har ya daidaita da matsinsa.

Tsaro

Litar ruwan naitirojin tana zama kusan lita 700 ta iska, ta oksijin kusan 860. Ruwan da aka rufe tsakanin bawul biyu zai fasa bututu in babu bawul mai sakin matsi a tsakani, kuma duk wanda ya ƙara bawul don ɗaura ma'auni ya duba ko ya ƙirƙiri irin wannan tarko. Naitirojin ba shi da wari ko launi, yana korar iskar shaƙa ba tare da mutum ya ji ba. Oksijin na iska kashi 20.9 ne cikin ɗari, ƙararrawa kuma ana saita ta ta yi kuka a 19.5, da kuma a 23.5 ta ɓangaren yawa, inda tufafi da mai ke kama wuta cikin sauƙi. Bututun naitirojin da ba a lulluɓe ba yana mai da iskar waje ruwa, ɗigon da ke zuba daga jikinsa kusan rabinsa oksijin ne, don haka kada a bar giris, katako ko kwalta a ƙarƙashinsa. A unguwa mai cunkoso irin New Bell, inda rumfar walda da murhu da gidan kwana ke jingine da juna, ba a yin wannan gwaji sai a buɗaɗɗen fili mai shinge, da safar hannu ta sanyi da garkuwar fuska.

Na'urar tattara bayanai shaida ce, ba mai gadi ba. Kwamfuta tana iya sandarewa, manhaja tana iya tsayawa. Abubuwan da ke kashe famfo idan sil ya yi yoyo, ko ya ja iska, ko sanyi ya tsallaka zuwa silindu, dole su kasance a kan nasu ma'aunai da nasu layin lantarki, wanda zai yanke wutar mota ko da an zare kwamfutar daga soket. Ƙungiyar kamfanonin iskar masana'antu ta Turai, EIGA, tana da ƙa'idoji a rubuce kan girka famfunan ruwan oksijin, kuma su da littafin maƙerin famfon ne ke da maganar ƙarshe a kan kowace lambar da za a saita.